Wayar da Na Kashe da Hannuna

Edita, a lokacin ina ajin farko a jami'a a Kafin Hausa, kuma ni kaɗai ce na yi nisa a boko a gidanmu da ke Yalwawa. Duk wayar da aka yi Turanci ni ake miƙa wa, ni kuwa in karɓa ina hura hanci, ko da rabin maganar ta wuce ni.

Yayana direban babbar mota ne, yana kai shanu Kudu. Wata Asabar bayan la'asar, ina gida hutu, baƙuwar lamba ta kira wayar Inna, mahaifiyarmu. Ta saurara kaɗan ta miƙo mini. Ma'aikaciyar jinya ce daga wani asibiti can Kudu, ba ta jin Hausa. Na gane cewa motarsu ta faɗi, yana kwance a wurinsu, kuma shi ya ba da lambar don yana son jin muryar Inna. Sai matar ta ce, "Hang on." Abin da na sani shi ne hang up, wato a kashe waya, na ɗauka duk ɗaya ne. Na kashe. Na ce wa Inna za su sake kira, alhali ba wanda ya faɗi haka.

Muka zauna a tabarma, wayar na tsakaninmu. Inna ta ce ko in neme su, na ce ta bari, ma'aikatan asibiti ba sa son damu. Sai da aka yi magariba na kira. Matar ta tambaye ni dalilin da na katse. Ashe cewa ta yi in dakata a kan layi. Da gudu ta je ɗakin da yake, ta kara masa wayar a kunne, ya yi ta kiran Inna, alhali na riga na kashe. Kafin ta sake nemanmu aka shigo da sauran masu rauni, shi kuma aka wuce da shi tiyata. Bai fito da rai ba.

Inna ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ta ce kwanansa ne ya ƙare. Amma wata rana muna tsince shinkafa ta tambaye ni a hankali, "Me kike jin ya so ya gaya mini?" Har yau ba ni da amsa.

'Yan'uwa, idan aka yi muku Turanci a waya ba ku gane ba, ku ce a maimaita, kada ku cike da zato. Kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce. Tawa ta hana uwa yin sallama da ɗanta.