Wuƙar Aljihun Yaya

Da hantsin Litinin, sha huɗu ga Afrilu, Allah ya karɓi ran yayana, wanda duk unguwa ke kira Baba Mai Wuƙa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Har yanzu in zan ce "marigayi" bakina nauyi yake yi, don haka bari in kira ka yadda na saba.

Yaya, tun tasowata ban taɓa ganin ka babu 'yar wuƙa a aljihu ba, irin mai ninkewar nan. Aikin sito ne ya saba maka da ita, yankan igiya da buɗe kwali, amma da ka bar aikin ita ba ta bar ka ba. Sai ma ka shiga tara su: mai ƙotar ƙaho, mai ta ƙashi, mai ta icce wadda hannu ya goge har tana sheƙi, akwatin katako guda a ƙarƙashin gado. Ba ka yarda su zama kayan kallo ba. Kowace safiya sai ka zaɓi wadda za ta fita aiki, don kada tsatsa ta ci ta. Na sha yi maka tsiya cewa ko 'ya'yanka ba su sha man da wuƙaƙen nan suka sha ba. Dariya kawai kake yi.

Ba ka ba da aro. In an roƙa sai ka ce, "Kawo in yanka maka." Mun ɗauka rowa ce, ashe dalilin yi wa mutum aiki kake nema. Ranar da gyalen wata mata ya naɗe a sarƙar babur yana shaƙe ta, jama'a na ta ihu, kai ka tsallaka titi ka yanke shi, ka wuce ko godiya ba ka tsaya ji ba.

Sai ciwo ya zo, hannunka ya fara rawa. Da ka yanke yatsa, babbar 'yarka, ma'aikaciyar jinya, ta kulle akwatin. Gaskiya ta yi, duk mun goyi bayanta. Amma tun daga nan ka yi sanyi, ka daina zama a ƙofar gida. Ina ganin hannunka ya tafi aljihu ya dawo wayam. Ka ce mini, "Ƙanina, ba ciwon ne ya dame ni ba. Yanzu ba mai neman komai a wurina."

Matarka ce ta fi mu gani. A makonka na ƙarshe ta karɓi makullin, ta ɗauko mai ƙotar ƙaho, ta ajiye maka tare da lemo. Ta ce, "Malam, fere mini, ni ban iya ba." Ita da ta tsufa tana yi wa gida guda firar lemo! 'Yarka ta yunƙura, uwar ta dube ta, ta koma ta zauna. Muka zuba ido. Hannu na rawa, ɓawo na gutsurewa, ruwan na bin gwiwar hannunka, ka ƙi a taya ka. Da ka gama, rabin lemon ya bi ɓawo. Ka miƙa mata kana murmushin da muka daɗe ba mu gani ba. Ta shanye shi tas, hawaye na zuba, ta ce, "Gobe ma kai za ka fere mini." Ka ce, "To, a bar wuƙar kusa." Washegari ko hannu ba ka iya ɗagawa ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya gafarta kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa 'ya'yanka ta'aziyya, musamman ke babba: kada ki ɗora wa kanki laifi, tausayin ubanki kika ji. Matarka kuwa har yau ta hana a ɗauke wuƙar daga gefen gadonka, wai kai ka ce a bar ta kusa. Allah ya ba ta haƙuri, mu ma ya ba mu. Amin.