Zalɓen da na wanke

Shekara tara mahaifinmu ya yi a hanyar Makka, a ƙasa ya tafi, a ƙasa ya dawo. Da ya iso garinmu Ƙarfi, ni har na yi aure na haifi 'ya. Mun zaci zai zo da kaya niƙi-niƙi, sai ga shi da carbi, da ciwon ido, da wani maficin takarda mai haƙarƙarin gora wanda ake naɗewa.

Wani ɗan kasuwa ne a Jidda ya ba shi, bayan ya yi masa dako wata shida. Ya ce aikin mutanen Japan ne, can gaba da Sin. An zana zalɓe tsaye cikin fadamar shinkafa, ga rubutu a gefe yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa kamar sawun kaji. Baba ya ce waƙa ce, gajeriya, numfashi guda ka gama ta: ruwa ya ɗauke, zalɓe bai tashi ba. Ni haushi ma abin ya ba ni. Shekara tara, a dawo mana da zancen tsuntsu!

Amma shi ransa ne. In an taso daga gonar auduga, sai ya zauna a zaure ya buɗe wa baƙi, yana nuna yadda mai zanen ya ja wuyan tsuntsun da jan alƙalami ɗaya.

Da damina 'yata ta kwanta da masassara. Mun yi jiƙe-jiƙe, mun sha rubutun malamin unguwa, shiru. Sai zuciyata ta ce, abin da ya fito ƙasa mai tsarki da rubutu a jiki, ya rasa albarka? Na san Baba ya ce waƙa ce. Na sani sarai. Ranar kasuwar Malumfashi da ya fita, na ɗauko maficin, na tara ƙwarya, na zuba ruwa a kan rubutun kamar yadda ake wanke allo. Tawadar ta bi ruwa, ta tafi da zalɓen gaba ɗaya. Na ba yarinyar ta sha, na shanya takardar a bayan rumbu, na mayar cikin gafakarsa.

Yarinyar ta tashi bayan kwana huɗu. Ko ruwan ne, ko kwananta ne a gaba, Allah masani.

A lokacin idon Baba ya riga ya yi nisa. Ya ci gaba da buɗe maficin a zaure, yana ɗora yatsa a kan dabbare-dabbaren toka-toka yana cewa, "Ku dubi ƙafarsa." Baƙi su ce, "Ikon Allah, Alhaji." Ba wanda ya tona. Ni kuwa ina bayan zana, kunya kamar ta kashe ni.

Shekarar da zai rasu, na kai masa kunu da hantsi, ya riƙo hannuna.

"Uwata, duba mini. Na manta, zalɓen nan ina ya fuskanta?"

Ban taɓa tsayawa na kalle shi da kyau ba, ko sau ɗaya.

Na ce, "Gabas, Baba."

Ya naɗe maficin a hankali. Ya ce, "To. Ni kuwa yamma nake ganin ya fuskanta."