Fuskar Inna Delu

Zane ne sana'ata, ina da ɗan shago a cikin Daura, amma wallahi ban taɓa jin tsoron fenti ba sai bara. Mahaifina yana kwance ba lafiya a Baure, na je duba shi, sai ya ce, "Sani, kai da kake zana wa mutane iyayensu, ka zana mini tawa mana. Ko hotonta ɗaya ba mu da shi."

Na ce to. Na koma shago na kafa farin ƙyalle. Na laluba fuskar kakata Inna Delu a cikin kaina, sama ko ƙasa babu ita.

Ga shi kuwa na yi shekaru ina zama a gabanta. Da an idar da sallar isha'i takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ni kunya ta yi mini katutu tun ina ƙarami, ita kuma tsohuwar ta gano lagona. Ina zama za ta ce, "Ga angon nawa ya iso, ko kallon amaryar ba ya iyawa. Ɗago kai mana, ba na cizo." Yara su kwashe da dariya, ni kuwa in ƙara dunƙulewa, ina addu'ar kada ta ce yau ni zan yi tatsuniya.

Wadda ta fi yi mana ita ce ta kurciya. Wai tsuntsaye suka je marina a rina musu riguna, kowa na turereniya. Kurciya ta raɓe a baya, kunya ta hana ta magana, har shuni ya ƙare. Mai rini ya tausaya mata, ya shafa mata ruwan toka, ya lakato ɗan baƙin da ya rage ya ja mata a wuya. Sai Inna ta ce, "Da ta buɗe baki, da ita ma tana da riga mai kyau. Wani a nan yana ji na."

Ina ji kuwa, amma sai da na girma na gane abin da noƙewa ta ci mini. Mako uku ina fama da zanen, ƙanena yana ta bugo waya cewa jikin Baba ya ƙi. Abin da idona ya adana kawai na samu: jan lalle a tafin hannunta, shuɗin zaninta, ruwan goron wuta a kan gwiwoyinta. Su na zana. Daga kafaɗa zuwa sama na bar hayaƙi.

Na ɗaura zanen a bayan babur na tafi Baure, duk hanya ina jin kamar in juya. Na jingina shi a gaban Baba, na sunkuyar da kai.

"Baba, ka yi haƙuri. Fuskar ta gagare ni."

Ya ƙura wa zanen ido. Can ya miƙa yatsa ya taɓa hannun mai lalle.

"Ni ne ɗanta na fari," ya ce. "Har ta rasu ba ta kira sunana ba, ba mu taɓa haɗa ido ba. In na durƙusa gaishe ta, nan nake kallo. Matso mini da ita kusa."