Takardar Ilu Mai Rediyo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mijina Ilu mai gyaran rediyo a Matameye, kuma har yau ina zargin ya san abin da na yi.

Abin da ya fara jan idona gare shi wani abu ne ja kamar garwashi a cikin shagonsa. Shekarar fari ce, soja ke mulki, kowa na tauna maganarsa kafin ya furta. Ilu ya dawo daga cin rani a Kano da tsohon ampli, na'urar ƙara sautin gitar bas, don wasan samarin gari. Ƙwayayen gilashin cikinsa ne ke yin ja. Ya ce mini wuta ta yi musu yawa, in ba a rage ba za su ƙone. Sai ya juya wani ɗan ƙusa kaɗan, ya dubi allurar awo, hannu ɗaya a baya don kada wuta ta kama shi, sannan ya rubuta lamba a takarda, ya cusa a aljihu.

Ni kuwa, baiko ya rage mana wata guda, kaina cike da littattafan soyayya. A ganina, namijin da ke ɓoye takarda a aljihu yana da wata. Na sace ta, na ga lambobi ne zalla, na ɗauka sunan mace ya ɓoye a ciki, na kai wa Kawu Habu, magatakarda a ofishin gwamnati.

"Kawu, sunan wace ce a nan?"

Ya daɗe yana dubawa. "Ke yarinya, wannan ba mace ba ce. Lambobin sirri ne, da ƙetare yake magana." Bai mayar mini da takardar ba.

Washegari da hantsi jandarmomi suka tafi da Ilu da amplinsa Damagaram. Kwana arba'in ya yi. Ya dawo kunnensa na hagu ba ya ji, amplin kuma bai dawo ba.

Yanzu jikokinmu na jin kiɗa a waya, ba gilashi, ba zafi. Na san da Ilu na nan, da zai kara ta a kunnen dama ya ce sautin ba shi da ciki. Da kuma zai tambaya wa ke sauraro a ɗaya gefen, don tun daga lokacin bai ƙara sakin jiki da na'ura ba.

Ya aure ni duk da haka. Shekara ashirin da tara muka yi, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa tambayar wanda ya kai takardar ba. Mutane na cewa haƙuri ya bari a bayansa, kuma gaskiya ne. Amma har ya koma ga Allah, ko wasiƙar ɗanmu ce ta zo, a shago yake karanta ta, ya kulle a akwati, ya zo gida ya faɗa mini da baki.