Ranar da Na Gyara Tabilet ɗin Inna

Tabilet ɗin Inna irin mai arahar nan ne, wanda in ka danna bayansa da yatsa sai robar ta lotsa. Ƙanena ne ya sayo mata shi a Kudu, inda yake kai busasshen kifi, saboda idonta ya daina ganin rubutun ƙaramar waya. Ba a sa masa layi. Da waifai yake aiki, daga wani ɗan akwati mai koriyar fitila da na rataye a tagarta. Abu ɗaya Inna ta iya a cikinsa: ta danna hoton mutum ta ji muryarsa. Hotuna biyu take dannawa, na ƙanen nawa da na autarmu da ke aure a Maiduguri. Ni ba ni da hoto a ciki, tunda kullum ina gabanta.

Daminar da kogi ya shigo unguwarmu, ɗakinta bai faɗi ba, amma komai ya sha danshi. Tabilet ɗin yana kunnuwa, sai dai ya daina ganin waifai. Gyaran waya sana'ata ce, ina da rumfa a kasuwar Haɗeja, don haka Inna ta kafe cewa ranar ba inda za ni sai na gyara mata kayanta.

Da hantsi ina shimfiɗa tabarma a barandarta aka kira ni. Na fita zaure na ɗauka. Wani direba ne da ban sani ba. Ya ce motar kifi ta kife, ƙanena bai ko shura ba, mutanen garin da abin ya faru za su yi masa sutura kafin azahar. Na ce to. Har godiya na yi masa.

Na kira Kawu, yayan Inna, a ƙauyensu can gefen Auyo. Ya yi salati. Sannan ya ce, “Kada wanda ya faɗa mata. Ka san hawan jininta. Wannan ba maganar ɗa da uwa ba ce, ka bari in zo.” Ruwa ya yanke musu hanya, sai ya jira kwalekwale, in ya haye ya nemi babur. Haka ake yi a gidanmu, babba ne ke kai irin wannan labari, a zaune, da addu'a a gaba. Matata ta ɗauke ƙaramar wayar Inna wai za ta sa caji, ta je ta tsaya a zaure tana mayar da maƙwabta da idonta jawur.

Ni kuwa na koma na zauna a tabarma. Ban ji komai ba. Na lalubi kuka a ƙirjina ban same shi ba, sai na ɗauki sukudireba.

Inna ta jawo kujerarta kusa, tana tsintar shinkafa a faifai. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. “Kai, ka yi a hankali, kada ka fasa mini,” ta ce. “Wancan ƙanen naka ya ce zai yi mini magana in ya sauka.”

Na ɓalle marfin. Waifai ɗin waɗannan masu araha wani ɗan allo ne da bai fi farcen babban yatsa ba, an liƙa shi da dalma a gefen babban fanel, wato uwar allon da ke ɗauke da komai. Ƙafafunsa sun yi kore shar, danshi ya cinye hanyoyin wutar da ke ƙarƙashinsu. Na goge da burushi da sifirit, na gwada da mitar auna wuta. Allon lafiyarsa ƙalau, hanyoyin ne suka yanke. Aikin ba wuya: a ɗaga shi, a ja siraran silin jan ƙarfe daga ƙafafunsa zuwa inda hanyar take da rai. A rumfata ina yin sa kafin shayi ya huce.

A nan ne na tuna abin da zai biyo baya. Labari ya riga ya zaga dangi, wayata sai rawa take a aljihu. Duk wanda ya ji zai aiko wa Inna gaisuwa, kuma gaisuwar tana can tana jiran tabilet ɗin ya ga waifai. Abin da ya raba ta da labarin kawai silin da ke hannuna ne.

Sai na shiga jan ƙafa. Na fere igiyar wani tsohon abin sauraro na kunne, na zaro silin ɗai-ɗai, na ƙona bakin kowane. Na liƙa na wuta, na liƙa na ƙasa, na hura, na duba, na sake dubawa. Na haɗa eriya. Na ce zan yi salla, na daɗe a masallaci. Na kira Kawu, ya ce har yanzu yana bakin ruwa, mai kwalekwalen ya haye da buhuna bai dawo ba.

Da na dawo, sili ɗaya ya rage. Na liƙa shi, na sa ƙarfen narka dalma na cire. Na sake liƙawa, na sake cirewa. Hayaƙin dalma yana shiga hancina, hannuna ko rawa ba ya yi. Abin ya ba ni mamaki, amma shi ma mamakin daga nesa na ji shi.

Idon Inna ba ya ganin rubutu, amma yana ganin hannu. Ta ajiye faifan a cinya.

“Wannan ɗin ka liƙa shi ɗazu.”

“Bai kama ba, Inna.”

“Ya kama.” Ta dubi hanyar zaure. “Matarka tun safe ba ta ɗora tukunya ba. Kuma na ji muryar mata suna zuwa suna komawa.”

Ban ɗago ba. Na ce, “Kawu yana hanya.”

“Da wannan ruwan?”

Wata kaza ta zo tana tsattsagar shinkafa a faifan, Inna ba ta kore ta ba.

“Haɗa,” ta ce.

“Inna, ki bari ya iso.”

“Ni na haife ka. Haɗa.”

Na ɗiga dalmar. Ban ko mayar da marfin ba, na juya shi na kunna. Ya ɗauki lokacinsa yana tashi, kamar kullum. Alamar waifai ta fito a sama, ta cika.

Inna ta saba jin ƙarar shigowar saƙo ɗaya, in ta yi yawa biyu. Wannan karon ya fara bai tsaya ba, wata na hawa kan wata, daga mutanen da ba su taɓa aiko mata da komai ba. Yana ta ƙara a hannuna, hanjinsa a waje, ni kuma ina kallon liƙin da na yi, ina ganin ya yi kyau.

Ba ta miƙo hannu ta karɓa ba. Ta jira har ya yi shiru, ta gyara ɗankwalinta, ta yi salati a hankali. Sannan ta kira sunana, karo na farko da na taɓa ji a bakinta.

“Wanne ne a cikin ƙannen naka?” ta ce.