Dokta Fulorin da Tanderun Sashe

Shekararsa sittin da huɗu, babban malami ne a sashen ilimin sinadarai na jami'a, kuma har yau Dokta ake kiransa. Sa'o'insa duk sun zama farfesoshi. Wasu daga cikin ɗalibansa ma sun zama. In sun haɗu da shi a matakala sai su rusuna su gaishe shi, sannan su wuce ɗakin taron da shi ba shi da kujera a ciki.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Dokta Fulorin, saboda sinadarin da ya yi rabin rayuwarsa yana fama da shi. Fulorin ba abokin wasa ba ne. Asid ɗinsa gilashi yake ci, shi ya sa a roba ake ajiye shi, in kuma ya ɗiga a fata ba ya nuna mugun nufinsa sai ya kusa ƙashi. Dokta yana da tabo a babban yatsan hagu, da shi yake buɗe lacca ta farko kowace shekara. Dangi kuwa, tunda suka ji an ce dokta ne kuma haɗa sinadarai yake yi, ba su daina kawo masa takardar asibiti ba. Gwaggonsa ta rasu tana riƙe da shi a zuciya, wai ya ƙi haɗa mata maganin ciwon gwiwa.

A jami'a, maƙala ce tsanin hawa. Kwamitin ƙarin girma ba ya karanta ta, ƙirgawa yake yi, kuma Dokta ya gane haka da wuri. Sai ya ɗauki sinadari ɗaya, ya liƙa masa fulorin a dama, ya rubuta maƙala. Ya cire ya liƙa a hagu, ya rubuta wata. Ya liƙa a duka biyun, ta uku ta samu. Kamar tela mai fitar da huluna bakwai daga ƙyalle ɗaya. A kan kowace maƙala kuma akwai sunan Shugaban Sashe, da na shugaban tsangaya, da na duk wanda makullin ɗakin ajiyar sinadarai yake hannunsa a lokacin. Ba doka ba ce, gaisuwa ce. Ba ka wuce dattijo a bakin ƙofa ba ka ce masa sannu ba.

Da haka ya tara maƙala sittin da wani abu. Sau biyu kwamiti yana dawo masa da fayil da magana ɗaya: yawa ya yi, saura nauyi. Ana son ko guda a babbar mujallar ƙasashen waje. Ga shi dokta yana riga farfesa yin ritaya, in zaman bana ya wuce shi, babu wani zama da zai riske shi a bakin aiki.

Abin da yake so a ransa daban ne. Jikin kowane mai rai da furotin aka gina shi, furotin kuwa sarƙa ce ta 'yan ƙwayoyi da ake kira amino asid. Kafin a sami mai rai a duniya, me ya fara ɗaura ƙwayoyin nan? Wasu masana suna ganin kududdufai ne da suke cika suna ƙafewa, suna cika suna ƙafewa, har ƙwayoyin suka kama juna. Dokta ya ƙudura sai ya yi kududdufinsa ya gani.

Matarsa, malamar jinya ce, ba ta ɓoye ra'ayinta ba.

"Baban 'yan biyu, Allah ya yi halittarsa ya gama, kai sai yanzu za ka duba yadda aka fara?"

"Ba gardama nake yi ba. Magini ya gama gini, ni leƙen yadda aka jera tubalin nake yi."

"To in ka gama leƙen, ka leƙa ɗakin da ka fara a bayan gida. Shi ma tubalinsa yana jiran mai jerawa."

Kududdufan nasa 'yan kwanoni ne marasa murfi. Ya zuba musu ruwa da amino asid da ɗan gishirin fulorin, don shi duk abin da ya taɓa sai ya sa masa fulorin, ya jera su a kantar ƙasa ta tanderun lantarki da ke ƙarshen baranda. Shi kaɗai ne tanderu mai aiki a sashen, yana da fanka a ciki mai juya iska. Ya saita zafin daidai wa daida. Da safe ya jiƙa, ya tafi aji, da yamma ya tarar sun bushe, washegari ya sake. Wata da watanni ana haka.

Da aka auna, sai ga sarƙoƙi dogaye, irin tsawon da babu wanda ya taɓa samu. Dokta ba yaro ba ne a aikin, ya san sai an gwada da ruwa zalla don a tabbatar ba datti ba ne. Ya bari sai lokacin dogon hutu, da gini ya yi tsit babu mai damunsa, ya yi gwajin a natse. Kwanonin ruwa zalla suka fito fes. Babbar mujalla ta karɓi maƙalar, da sunaye tara a kanta, na Shugaba na biyu. Jaridar jami'a ta buga cewa an gano asalin rai a sashen. Dangi suka fara kiransa Farfesa. Maman 'yan biyu ta kai ɗinkin kayan bikin zamansa farfesa.

Wata Laraba aka ba wani taro zauren da yake lacca, ya dawo sashe da tsakar rana, lokacin da bai saba zuwa ba. Tun daga matakala ya ji ƙamshi. A bakin tanderu ya tarar da Shugaba ya naɗe hannun riga, yana jawo faranti daga kantar sama, cinyoyin kaza suna tsartuwar mai. Bayansa sakatariya ce da malamai biyu, kowa da kwanonsa, suna jiran layi.

"A'a, Farfesa mai jiran gado!" in ji Shugaba. "Bismillah."

"Ranka ya daɗe, tun yaushe ake wannan?"

"Ɗumamen? Tun da na ofis ya mutu. Naka ma ya fi, ba ya ƙona abinci. Gaskiya ka iya saita wuta."

"Kwanonin nan a buɗe suke fa."

"Wa ya taɓa maka kwanoni? Mu muna sama, kai kana ƙasa. Ko ba haka ba?"

"Haka ne, Dokta," in ji sakatariya. "In ma miya ta ɗiga, gogewa muke yi."

Dokta ya juya ya fita. Ya sake gwajin ruwa zalla, wannan karon ana tsakiyar zangon karatu. Sarƙoƙi suka fito a ruwan da bai zuba wa komai ba. Ya aika samfur wata jami'a mai na'urar tantancewa, amsa ta dawo a taƙaice: yawanci naman kaza ne, da ɗan kifi.

Ya kai wa Shugaba takardar har ofis. Shugaba ya karanta, ya tashi da kansa ya tura ƙofa.

"Wa ya san wannan?"

"Ni, da kai, da na'ura."

"Na'ura ba ta zuwa taro. Dokta, ka san ina neman shugabancin tsangaya, kuma sunana yana kan abin nan."

"Yana kai, ranka ya daɗe. Cikin duk maƙalun da muka yi tare, wannan ce ma kaɗai ka sa hannu a aikin."

Shugaba bai yi dariya ba. Ya jawo kujera kusa, ya sassauta murya.

"Ba cewa na yi kada ka janye ba. Kwamiti ya kusa zama. Ka bari a ba ka kujerarka, sannan ka tuna da gaskiya. Ka taɓa jin an ƙwace wa mutum farfesa? Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

"Wannan karon kaza aka dafa."

"Ka dai je ka yi tunani. Kana da iyali."

Ya je ya yi tunanin, don maganar Shugaba ba ƙarya ba ce. A gida ya faɗa wa matarsa tana tsaka da guga. Ta ajiye dutsen gugar.

"Kaza? Kai da ko ruwan sha ka hana ni shiga da shi ɗakin gwajin nan?"

"Kaza da kifi."

"In ka yi shiru, me zai faru?"

"In zama farfesa. Wani kuma a wata ƙasa ya karanta ya gwada, ba zai samu ba, don shugabansa ba ya ɗumame a tanderu. Ya ɗauka shi ne bai iya ba, ya yi ta maimaitawa har ya yi furfura."

"Ka san shi?"

"Ban san shi ba. Amma na san irinsa."

Ta ɗauki dutsen ta ci gaba da guga. Sannan ta ce, "Ɗinkin dai an riga an yanka. Na sa a bikin wani."

Washegari ya rubuta wa editan mujallar. Aka janye maƙalar da sanarwa ta layi uku, aka ambaci gurɓata daga abinci. Sauran mutum takwas suka haɗu suka rubuta wa hukumar jami'a cewa su ba su da hannu a binciken, ko ƙofar ɗakin gwajin ba su sani ba. Takardar tana nan a ajiye, kuma babu ƙarya ko ɗaya a cikinta in ban da batun ƙofa a wajen Shugaba.

Kwamiti ya zauna. Fayil ɗinsa ya dawo karo na uku, an ƙara masa magana ɗaya: rashin haɗin kai da abokan aiki. Shugaba bai sami tsangaya ba, kuma yanzu in sun haɗu, agogonsa yake dubawa. Dangi sun koma kiransa Dokta, sun ci gaba da kawo takardun asibiti.

Ya wanke tanderun da hannunsa, ya sake jera sababbin kwanoni. Har yanzu ba abin da ya fito sai 'yan gajerun sarƙoƙi na ƙwaya biyu ko uku, irin waɗanda kowa yake samu, kuma yana rubuta su yadda suka zo. Ranar Litinin ɗin nan ya biya kasuwa ya sayo kwaɗo, ya datse ƙofar tanderun. Ƙa'idar jami'a ta ce duk abin da aka kulle a sashe, ɗaya makullin a ofishin Shugaba yake zama. Ya cire ɗaya daga zoben, ya hau sama ya miƙa wa sakatariya.