Fitilun Motar Kawuna

Shekarun baya, wata Asabar da ƙarfe uku da kwata na rana, na murɗa makunnin fitilar motar kawuna, shiru. Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a a Manchester, ina karanta fannin lantarki. Shi likita ne, yana zaune a Erdington da wata tsohuwar mota ƙirar Ingila mai kujera biyu, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Saura wata guda ya kai ta taron masu tsofaffin motoci, kuma magariba za ta riske shi a hanyar dawowa. Ni na ce mu sa mata ƙwan fitila na zamani, wato LED. Tsofaffin ƙwayayen tuni ya kai su bola, don ya yarda da ni.

"Injiniya, yaya dai?"

"Ƙaramin abu ne, Kawu."

Asabar uku ina tasowa daga Rusholme, unguwarmu a Manchester, saboda ƙaramin abun nan. Na bi shuɗiyar waya mai ratsin fari, na bi mai ratsin ja. Na canza fis, na kankare tsatsa, na cika littafi da zane mai tsafta. Maƙwabcinsa, wani dattijon Bature da ya yi aiki a masana'antar motoci, yakan leƙo ta saman shinge da kofin shayi. Kawu ya ce in tambaye shi. Na ce to. Ban iya ba.

Ranar taron ta zo ta wuce, motar na gareji. Kawu cewa kawai ya yi, "Allah ya kai mu baɗi." Gara ma da faɗa ya yi min.

Har yau in na tuna, gajiyar ce ke dawo min a kafaɗu. Na fi yarda in sha wahalar sati uku da in buɗe baki minti ɗaya, kuma wani ne ya rasa tafiyarsa.

Sati na gaba na isa jikin shingen. Dattijon ya tambayi me mitata ta gwajin wuta ta nuna. Na ce sha biyu da alamar minus, sai na juya wayoyin mitar, na ɗauka ni na haɗa su baibai. Ya kurɓi shayinsa.

"Yarinya, mitarki gaskiya ta faɗa miki. A motocin zamaninmu, kan batir mai alamar plus muke ɗaure wa jikin mota. Tsohon ƙwai ba ruwansa, LED kuwa ta gefe ɗaya wuta ke shigarsa. Juya wayoyi biyun nan na bayansa, shi ke nan."